Alhamis a Gidan Zane na Salto

Ranar Alhamis nakan tashi aiki da wuri,
hannuna na ƙanshin ɓawon lemo,
tun asuba nake jera shi a akwati.
Sai in gangara layin da ya nufi kogi,
in tura ƙofar nan mai kukan tsufa,
in shiga, ba tare da kowa ya kira ni ba.

Ɗaki huɗu ne kacal, da zaure ɗaya.
Wilmar mai gadi na zaune da ƙoƙon shayin mate,
fulas a hammata, rediyo can ƙasa-ƙasa.
Ya ɗaga gira, in ɗaga gira.
Shekara shida gaisuwarmu ke nan,
ba mu taɓa ƙara mata ko harafi ba.

An ce a Montevideo akwai manyan gidaje
inda ake layi, a biya, a ingiza ka gaba,
ka hangi zane ta saman kafaɗar wani.
Nan kuwa katakon daɓe ke amsa takuna,
sai bokitin da aka tara wa yoyon rufi,
ɗis... ɗis... agogon da bai san gaggawa ba.

Ɗakin farko na attajiran shanu ne na da,
gashin baki, sarƙar agogo, busasshen ido.
Nakan wuce su kamar wanda suke bi bashi.
A na biyu akwai kwanon ɓaure da tulu da wuƙa,
wata malamar makaranta ce ta zana.
Hannun tulun ya karkace, ba ta gyara ba,
don haka ma nake son ta.

Amma ɗaki na uku ne ke kawo ni.
Zanen bai fi tafin hannu biyu ba:
kogin Uruguay ya cika ya batse,
ruwa ja wur, kamar ƙasa ce ta narke,
kwalekwale ɗaure a gindin bishiya,
igiya ta miƙe, babu kowa a ciki.
A ƙasa an rubuta: ba a san mai zanen ba.

Nan nake zama, a bencin da ƙafarsa ke rawa,
har hayaniyar injin wanke lemo
ta tsiyaye daga kunnena.

Jiya aka goce da ruwan Yuli mai sanyi.
Sai ga Wilmar tsaye a kaina:
"Aníbal, riƙe mini gidan, ruwan zafina ya ƙare."
Ashe ya san sunana.
Ya aje mini makullai, ya tsallaka titi.
Ga ni da ɗaki huɗu, da attajirai, da bokiti,
dukiyar da ban taɓa mafarkin riƙewa ba.

Wata yarinya ta faɗo, ruwa ya koro ta,
farar rigar makaranta, shuɗin ƙulli a wuya,
takalminta na rubutu a kan daɓe.
Ta tsaya gaban kogin, ta kai hanci kusa.
"Ina mai jirgin?"
Na ce, "Shekara shida ina jiransa,
har yau bai dawo ba."

Ta dube ni kamar na faɗi jarrabawa.
"Ai ga shi nan inda muke tsaye.
Ya ɗaure jirgin, ya hau tudu, ya yi zanen."
Ruwa ya tsagaita, ta saɓa jaka ta fice,
ko sunanta ban tambaya ba.

Wilmar ya dawo, fulas na tururi.
Ya cika ƙoƙon, ya miƙo mini.
Ɗaci, zafi, da ɗan ƙanshin hayaƙi.
Muka tsaya mu biyu a kan tudun,
ruwa na wucewa ta ƙarƙashinmu,
bokiti na ƙirga abin da yake ƙirgawa,
ba mu ce komai ba.